Wadda Ta Raini Marwa

Dakta Aishat Gidaɗo 'yar Sakkwato ce. Kwantiragi ya kawo ta Riyadh, tana koyar da adabin Ingilishi a wata kwalejin mata mai zaman kanta, mijinta Jibirilla kuma injiniya ne a wani kamfani da ke unguwar Ulaya. A shekarar da wannan abu ya faru, ta zaɓar wa 'yan ajin ƙarshe wani tsohon littafin Ingila na zamanin Sarauniya Victoria. Labarin wata yarinya ce da aka haifa a tsibirin da ake noman rake, ubanta Bature mai gona, uwarta baiwa baƙar fata. Yarinyar ta fito fara, uban ya tura ta Ingila wurin danginsa, ya ce musu uwarta baƙuwa ce daga wata ƙasar Turai, ta rasu. Ta girma, ta yi karatu, ɗan babban gida ya nemi aurenta. Ana cikin shirin biki sai wani da ya san tsibirin ya gan ta, ya tona asalinta. Auren ya watse, a babin ƙarshe kuma zazzaɓi ya kashe ta.

Aishat ba don komai ta zaɓi littafin ba sai don tana ganin ta san ciwon da ke ciki. Ranar da ta fara aiki, mai gadin kwalejin ƙofar masu shara ya nuna mata. A kanti ma an taɓa tare ta an tambaye ta a gidan wa take aiki, kuma yaushe za ta gama da su. Tana so ɗalibanta su karanta su ɗan ji kunya.

Ba su ji ba. Da aka zo tattaunawa, yawancinsu suka ce labarin akwai ban tausayi, amma yarinyar ta yaudari mutane, ai aure ba ya tsayawa kan ƙarya. Sai wata ɗaliba mai suna Marwa ta ɗaga hannu. Doguwa ce, fara, ba ta cika magana ba, amma rubutunta ya fi na kowa a ajin.

“Duktura, ni a ganina marubucin nan matsoraci ne,” ta ce da Turanci. “Ya kashe ta ne don bai san inda zai ajiye ta ba.”

Wata daga gefe ta ce, “Amma ai ta yi ƙarya.”

“Ba ita ta ƙirƙiro ƙaryar ba. Tana ƙarama aka ba ta, aka ce ta riƙe. Da ta girma kuma duk abin da take da shi a kan ƙaryar yake zaune. Ke da za ki iya jefarwa?”

Aishat ta ji daɗin amsar ƙwarai, bayan darasi ta kira Marwa ta ce ta yi binciken kammala karatunta a kan littafin. Marwa ta amince.

Direban da ke kai Aishat aiki, Buraima, mutumin Maraɗi ne. Wata rana ta yi masa kukan ta yi marmarin fura, ta gaji da madarar kwali. Ya ce ai akwai wata mata 'yar Damagaram a unguwar Shumaisi, Indo, duk Riyadh babu mai fura irin tata. Ranar wata Asabar da hantsi ya kai ta. Tsohon bene ne, matakalarsa matsattsiya, ƙamshin citta da kanumfari na tarar mutum tun daga ƙasa. Indo gajeruwa ce, baƙa, mai tsage a kumatu da yawan fara'a. Ta ɗora ƙaramin turminta a kan dardumar da ta ninka, don kada maƙwabtan ƙasa su yi ƙorafin daka. Ta shimfiɗa wa baƙuwarta tabarma, suka gaisa kamar sun daɗe da sanin juna.

Suna cikin hira labulen ɗaki ya motsa, wata budurwa ta fito ɗaure da zane, da rariya a hannu, gari ya ɓata mata gaban riga.

“Inna, na gama tankaɗen,” ta ce, da Hausar da harshen Larabci ya lanƙwasa.

Marwa ce. Ta tsaya cak a bakin ƙofar.

Indo ta dube su duka biyu. “Kun san juna ne?”

“Malamarmu ce,” in ji Marwa, muryarta ƙasa-ƙasa.

Indo ta tafa hannu. “Ikon Allah! Ke ce Bahaushiyar da take ba ni labari? Malama, yau furarki ba ta saye ba ce.”

Da Aishat za ta tafi, Marwa ta zura abaya ta ce za ta raka ta. A kan matakala ta tsaya ta faɗa mata komai, da sauri, ba ta kallon fuskarta. Mahaifinta ɗan Riyadh ne, yana sayar da kayan manyan motoci a unguwar Sulay. Indo ta zo gidansa ne jinyar matarsa, matar ta rasu, bayan wani lokaci ya aure ta. Danginsa ba su taɓa yarda da auren ba. Marwa tana ƙarama ya rasu, ƙanwarsa ta ɗauke ta ta kai ta gidanta a Ulaya, ta sa ta makaranta mai kyau, bisa sharaɗi guda: a waje, uwar Marwa mutuniyar kudancin ƙasar ce, kuma ta rasu. Indo ta yarda. Ta zauna a Shumaisi da iƙamarta, wato takardar zama ta uwar 'yar ƙasa, tana fura. Duk Asabar Marwa takan ce za ta laburare, ta taho nan.

“Don Allah, Duktura,” ta ce. “Babu wanda ya sani.”

Aishat ta yi mata alkawari, kuma ta riƙe. A aji ba ta taɓa nuna alama ba. Sai dai furar Indo ta zame mata dalilin zuwa Shumaisi kusan kowane mako, a ranakun da ta san Marwa ba ta nan. Tana kiranta Yaya Indo, ita kuma tana ce mata Malama. Sukan zauna su yi hirar gida, ta damina da farashin gero da yadda yaran da aka haifa a nan ba su iya gaisuwa ba. Indo ba ta taɓa zagin dangin mijinta ba. Abin da takan ce kawai shi ne, “Sun ba ta abin da ba zan iya ba ta ba.” Wannan magana tana ƙona wa Aishat rai. Takan koma gida tana faɗa wa Jibirilla cewa an yi wa matar nan fashin 'ya da rana tsaka, ita kuma tana godiya.

A ƙarshen shekara kwalejin takan yi taro, ɗaliban da bincikensu ya fi kyau su gabatar a gaban iyayensu mata. An zaɓi Marwa. Indo ta ji labari daga bakin 'yarta, ta kwana biyu tana juya abin, sannan ta fito da shi ranar da Aishat ta zo.

“Malama, tunda ta shiga makarantar nan ban taɓa ganin ko ƙofarta ba. Ina so in ji ta tana Turancin nan ko sau ɗaya. Ki shiga da ni a matsayin baƙuwarki. Can baya zan zauna, in ta gama in fice, ba za ta ma san na zo ba.”

Aishat ta ce to, tun kafin Indo ta rufe baki.

Da ta faɗa wa Jibirilla, ya ajiye cokalinsa. “Kin tambayi yarinyar?”

“In na tambaye ta za ta ce a'a.”

“To ai kin ji amsarta ke nan.”

“Uwa ce fa, Baban Nazira. Uwa za ta ga 'yarta, sai an nemi izini?”

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci. Ita kuwa akwai abin da ba ta faɗa masa ba. Ta karanta binciken Marwa babi-babi, ta ga yadda yarinyar ke rubutu da zafi, sai ta sa a ranta cewa abin da ya rage mata ta bayyana uwarta kaɗan ne. In ta ga uwarta zaune a zauren, ƙila ta samu ƙarfin da take nema.

Ranar taron Buraima ya biya ta Shumaisi ya ɗauko Indo. Ta sa sabuwar abaya, ta yi lalle, ta fesa turare har motar ta ɗauka. Da suka shiga zauren ta nufi kujerun baya, Aishat ta riƙo hannunta.

“Haba Yaya Indo, a can ba za ki ji komai ba. Zo nan kusa da ni.”

“Malama, bayan dai ya fi.”

“Baƙuwata ce ke. Inda na zauna nan za ki zauna.”

Ta zaunar da ita a gaba, cikin malamai.

Marwa ta hau mumbari ta fara magana cikin natsuwa. Ta yi nisa kafin idonta ya sauka a kan layin malamai. Ta duba takardarta kamar ta ɓata wurin da take, ta kurɓi ruwa, sannan ta ci gaba. Ta yi bayanin yadda marubutan wancan zamani suke tausaya wa irin wannan yarinya matuƙar ta yi kama da su, da yadda suke yi mata kyau da ladabi da iya kiɗan fiyano don mai karatu ya yafe mata jininta. Ta ce a littafin duka, mai kauri haka, an faɗi sunan dokin uban da na karen gidan, amma ba a faɗi sunan uwar ba.

Indo ta matso. “Me take cewa?”

Aishat ta raɗa mata.

Indo ta gyaɗa kai. “To ai ba labarin uwar ake bayarwa ba,” ta ce, ta mai da ido kan 'yarta tana murmushi.

Aka tafa wa Marwa sosai. Aka fito farfajiya inda aka jera gahawa da dabino. Indo ta ce ita za ta je mota ta jira. Aishat ta ce ai ko barka ta yi mata, ta sake kama hannunta ta ja ta cikin mutane. Marwa na tsaye tsakanin mata biyu. Ɗaya gwaggonta ce, wadda fuskarta ta canza nan take da ta ga wadda ke tafe. Ɗayar wata dattijuwa ce mai zoben zinariya a kowane yatsa. Sai daga baya Aishat ta san ita ce mahaifiyar saurayin da ke neman auren Marwa, ta zo ne musamman ta ga yarinyar.

Dattijuwar ta gaishe da Aishat da fara'a, ta yaba mata, sannan ta dubi Indo. “Wannan mahaifiyarki ce, Duktura?”

Aishat ta dubi Marwa. Marwa ta buɗe baki za ta yi magana.

Indo ta riga ta. Da Larabcinta na kasuwa ta ce, “A'a, ranki ya daɗe. Ni na raini Marwa. Na yi aiki a gidan babanta, Allah ya jiƙansa.”

“Masha Allah,” in ji dattijuwar. “Irinku masu amana sun yi wuya yanzu. Kin yi tarbiyya, Allah ya saka miki.” Ta shanye sauran gahawarta, ta waiga ba ta ga inda za ta ajiye ƙaramin kofin ba, sai ta miƙa wa Indo.

Indo ta karɓa da hannu biyu. Ta tafi da shi har teburin da ake tara kofuna, ta ajiye, ta wuce waje ba ta waiwayo ba. Marwa na tsaye tana kallo. Gwaggon ta soma wata hira da ƙarfi a kan zafin da aka fara.

Suka shiga mota suka fita daga unguwar. Can Indo ta ce, “Ta iya Turanci.” Sai da suka kusa Shumaisi ta ƙara da cewa, a hankali, ba da faɗa ba, “Malama, da kin bar ni a baya.”

Marwa ba ta sake zuwa ofishin Aishat ba. Ta miƙa bincikenta ta hannun sakatariya, ta ci jarrabawa, ta fita. Aishat ta yi ta kiran wayarta ba a ɗauka. Bayan watanni aka yi bikin. Tunda yanzu dangin ango sun san akwai wata tsohuwar mai raino, gwaggon ta ce babu laifi ta zo. Indo ta je, aka zaunar da ita kusa da ƙofa tare da masu aikin gidajen baƙi, ta hango amarya daga nesa. Bayan aure zuwan Asabar ya gagara, don mijin ne ke kai Marwa duk inda za ta, kuma babu dalilin da matar aure za ta riƙa zarya gidan mai raino kowane mako. Indo ta jira har ta gaji. Ta raba kayan furarta ga maƙwabta, ta ba Aishat ƙaramin turmin, ta koma Damagaram wurin ƙaninta.

Shekara ta zagayo har ta wuce. Wata rana bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofar ofishin Aishat. Marwa ce, cikinta ya tsufa, tana tafiya da ƙyar. Ta zauna ba a ce ta zauna ba. Wannan karon da Hausa ta yi magana.

“Na daɗe ina so in faɗa miki wani abu, Duktura. Kafin ranar nan na riga na yanke shawara zan faɗa wa mijin nan nawa. Shi kaɗai, in mun gama jarrabawa. Har na tsara yadda zan fara. Mutumin kirki ne, ƙila da ya karɓa, ƙila da bai karɓa ba, ban sani ba.” Ta share gumi da gefen mayafinta. “Da na faɗa masa a lokacin, ƙaryar gwaggo ce, ni yarinya ce aka ɗora mini. Amma bayan ranar ta zama tawa. Ta yaya zan ce masa matar da uwarka ta miƙa wa kofi uwata ce, kuma ina tsaye ina kallo?”

Aishat ta ce, “Marwa, ki yafe mini. Na ɗauka taimakonki nake yi.”

“Na sani. Ba faɗa na zo yi ba.” Ta ɗora hannu a kan cikinta. “Ba ni da wanda zan tambaya ne. In ya fito baƙi fa?”

Aishat ta yi shekaru tana koyar da littattafan da wannan tambaya ke cikinsu, ta rubuta maƙaloli a kai. Ta taso ta zauna kusa da ita, ta riƙe hannunta, ta ce Allah ya sauke ta lafiya. Marwa ta ce amin, ta ɗan zauna, ta tafi.

Da ta haihu ta turo saƙo, Aishat ta je asibiti da safe. Mace ce. Ɗakin cike yake da furanni da 'yan barka, surukar tana raba alewa tana cewa jaririyar hancin gidansu ta ɗauko. Sai da suka fita rakiyar wasu baƙi Marwa ta yi wa Aishat alama ta matso.

“Inna ta taɓa ce mini wai a kunne ake gane launin jariri. Ni ban iya ba. Duba mini.”

Aishat ta ɗaga hular jaririyar, ta duba gefen kunnen, ta duba gindin farcen 'yan yatsun, yadda ta ga tsofaffi suna yi a gida.

“Fara ce,” ta ce. “Haka za ta zauna.”

Marwa ta juya fuska ga bango ta fashe da kuka, tana toshe baki da bargo. “Wata tara ina roƙon Allah kada ta yi kama da uwata,” ta ce. “Kuma ya amsa mini.”

Kafin mutane su dawo ta share fuska, ta ce Aishat ta ɗauki hoton yarinyar da wayarta ta tura Damagaram, don ita mijinta yakan duba tata wayar. Aishat ta ɗauka ta tura wa ƙanin Indo.

Tana zaune a mota a harabar asibitin amsa ta shigo, saƙon murya. Indo ta yi guɗa, ta yi addu'a mai tsawo, ta ce goshin na mahaifiyarta ita Indon ne sak. Ana jin kukan awaki a bayanta. Sannan ta tambaya wa ke kula da mai jego, ko akwai mai dafa mata ruwan zafi, don Larabawan nan ba su san jego ba. Ta ce don Allah Malama ta dama mata kunun kanwa, kada ya yi kauri, a sa citta da yawa, Marwa ba ta son masoro.

Ranar da aka sallamo Marwa, Aishat ta jiƙa gero tun da asuba, ta daka, ta dama kunun yadda aka ce, ta cika babban fulas. Buraima ya kai ta gidan, wani katafaren gida mai dogon bango a arewacin gari. Ta danna ƙararrawa. Wata mai aiki ta leƙo ta ce mai jego tana barci, uwar gida kuma ta ce yau ba a ganin kowa. Aishat ta miƙa mata fulas ɗin ta ce a faɗa wa Marwa daga malamarta ne, a sha da zafi. Mai aikin ta buɗe murfin ta sunsuna, ta ɗan yamutsa fuska, ta ce za ta faɗa, ta rufe ƙofa.

A ƙarshen wannan zangon kwantiragin Aishat ya ƙare, ba ta nemi sabuntawa ba, suka koma Sakkwato. Indo takan kira ta lokaci-lokaci su gaisa, kuma duk kiran sai ta tambaya ko Marwa ta sha kunun. Aishat takan ce ta kai mata har gida. Ko ta sha ko ba ta sha ba, ba ta taɓa sani ba.